SAFAR JARIRI A GARIN DA BA HUNTURU

Duk wanda ya taɓa zuwa barka ko suna a gidan Bahaushe a Libreville, babban birnin Gabon, ya ga abin da za mu faɗa. Fanka na juyawa, zufa na tsattsafo wa manya, sai a miƙo jariri naɗe cikin shawul, kansa da hular ulu, ƙafafunsa cikin 'yar safa. Idan aka yi dace da wadda wata tsohuwa ta saƙa da hannunta, za a ga launinta bai zo ɗaya ba: bakinta ja, tsakiya ruwan ɗorawa, wajen yatsu shuɗi, domin inda wani zare ya ƙare nan aka ƙulla wani. Ba wanda ke tambaya. Amma abin tambaya ne, domin tsakanin Libreville da layin da ya raba duniya biyu bai kai kilomita 50 ba. Ruwan da ake yi a can a shekara ya kusa ninka na Kano sau uku, kuma da wuya awon zafi ya sauka ƙasa da 20. Abin da suke kira sanyi shi ne 'yar lumshi da iskar teku daga Yuni zuwa Satumba, wadda mutumin Katsina zai kwana a cikinta a tsakar gida ba mayafi. To me ya kai safar ulu garin da ba a san hunturu ba?

Mu kanmu ba jiya muka je can ba. Fatake Hausawa sun gangara ta Adamawa da kudancin Kamaru suna bin hauren giwa da goro, daga baya roba, tun ƙarshen ƙarni na 19. A watan Nuwamba 1911 Faransa ta sallama wa Jamus wani yanki na arewacin Gabon, har da inda Oyem da Bitam suke, don Jamus ta sakar mata Maroko. Wannan ya haɗe yankin da Kamaru na 'yan shekaru, kafin yaƙin duniya na farko ya mayar da shi hannun Faransa. Zuriyar fataken da suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul suna nan har yau, 'yan ƙasa ne, wasunsu sun gangaro Libreville, inda suka haɗu da waɗanda arzikin man fetur ya jawo daga Nijar da Nijeriya da Kamaru a shekarun 1970. Sai dai abu ɗaya tabbas ne: fataken farko ba su tafi da safa a cikin kayansu ba, domin a gida ma ba su san ta ba.

Kakanninmu mutanen takalmin fata ne, fade da sambatsai, masu sarauta kuma da dogon takalmin hawa. Talaka da yawa ƙafarsa ce takalminsa, shi ya sa kaushi da faso suka zama abin da kowa ya sani da hunturu, ana cusa musu man kaɗe ko kitse. Abin da ya fi kusa da safa a wurinmu shi ne huffi, kuma shi na fata ne, hannun dukawa ya fito ba hannun masaƙa ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta babin shafa a kan huffi a Risala, kuma ya san cewa a mazhabar Malikiyya ba a shafa a kan safar ƙyalle sai an lulluɓe ta da fata. Wato malamanmu sun san safa a takarda ɗaruruwan shekaru kafin su gan ta a ƙafar maƙwabci. Sai da ta cika kasuwa sannan muhawarar ta tashi a masallatai, masu bin fatawar Hambaliyya suna shafa a kan safa mai kauri, dattawa na kallonsu a kaikaice. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, sana'ar da muke ɗauka ta Turawa ce ba a Turai aka fara ganinta ba. A nahiyarmu ne, a Masar. A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wata 'yar safa ta ƙafar hagu ta wani yaro, wadda aka tono a jujin tsohon birnin Antinopolis a bakin kogin Nilu. An yi ta ne wajen ƙarni na 3 zuwa na 4 na Miladiyya. An raba mata babban yatsa da sauran, don igiyar takalmi ta sami wurin shiga, kamar yadda silifa ke bukata. Ulu ce, kuma ratsi-ratsi ce, launi bisa launi. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa da rini iri uku kacal na tsirrai, ja da shuɗi da rawaya, aka fitar da duk launukanta, ta hanyar rina zare sau biyu ko murɗa zare biyu wuri ɗaya. Ba da tsinke biyu aka yi ta ba, da allura ɗaya ce, ana ɗaukar gajeren zare a yi ta sarƙa shi, in ya ƙare a haɗa wani. Irin wannan aiki kuwa guntayen zare yake so. Duk matar da ta taɓa zazzage ledar ragowar ulu a kan tabarma tana neman abin da zai isa ƙafa biyu, in ta ga hoton safar nan za ta gane ta.

Saƙa irin wadda muka sani yau, ta tsinke, wadda zare ɗaya ke tafiya ba a yanke shi ba, ita ma mafi tsufan abin da ya rage nata daga Masar ne, zamanin Musulunci, tsakanin ƙarni na 11 da na 13. Safuna ne na auduga, fari da shuɗin baba, launin da duk mutumin Ƙofar Mata zai ce nasa ne. An ƙawata su da zane mai kyau, wasu har da sunan Allah cikin rubutun Kufi a zagaye. Daga yatsu ake fara su a yi sama, a saka dunduniya daga baya, yadda in ta cinye za a warware ta a sake wata ba tare da an jefar da safar ba. Kyan aikin ya nuna cewa ba hannun 'yan koyo ba ne, sana'ar ta riga ta daɗe. Daga duniyar Musulmi ta ƙetara Andalus. A kabarin wani ɗan sarkin Kastila da ya mutu a 1275, a wani gidan ibada kusa da Burgos, an sami matashin kai saƙaƙƙe na siliki da rubutun Larabci a gefensa. Turawa suka karɓa, suka ƙware, har a 1589 wani Bature ɗan Ingila, William Lee, ya ƙera na'urar saƙa safa. Tun daga ranar hannu ya sami kishiya.

Mu kuwa saƙar ta zo mana ta ka kafin ta zo ta ƙafa. Jar darar da sarakuna da malamai ke naɗa rawani a kanta, wadda ayari ke kawowa daga Tunis ta Gadamas da Tarabulus, saƙaƙƙiya ce, ko da yake ido ba ya nunawa. Mata ne ke saƙa ta da farin ulu, ƙatuwa kamar jaka. Sai a kai ta a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu har ta tsuke ta cure, idon saƙar ya ɓace, a taje ta da ƙaya, a rina ta ja, a ɗora a kan ma'auni. Musulmin da aka koro daga Andalus a 1609 su ne suka bunƙasa wannan sana'a a Tunis, kuma har gobe Nijeriya da Nijar suna cikin manyan masu sayenta. Ashe mun daɗe muna ɗauke da aikin tsinken matan Tunis a kanmu ba mu sani ba.

Akwai kuma wani abin da ayarin ke kawowa wanda ya fi shafar zancenmu. Lokacin da Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu 1851, ya lissafa kayan da ke shigowa Kasuwar Kurmi daga arewa. A cikinsu ya ambaci wani siliki mara kyau, tarkacen da ya rage, wanda ake rinawa a Tarabulus a ɗoro wa raƙuma. Wannan shi ne alharini. Abin da masaƙun wasu ƙasashe suka share suka tara, shi matanmu suka kaɗa ya zama zare, masaƙa suka ratsa shi cikin barage, maɗinka suka yi wa manyan riguna shafi da shi, har ya zama alamar isa da sarauta. Mu lura da wannan da kyau. Ragowar zare a wurinmu ba ta taɓa zama abin kunya ba. Mun taɓa ɗaukar sharar wasu muka mai da ita tufar sarki.

Safa ta shigo mana sosai ne tare da takalmi sau-ciki, shi kuwa ya shigo tare da bariki. Sojojin da Turawan Ingila suka ɗiba a ƙasar Hausa sun yi yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916 galibinsu ba takalmi, sai ƙyallen da ake naɗe musu a ƙwauri. Sai a yaƙin duniya na biyu, musamman waɗanda aka kai Bama daga 1943, aka wadata su da but da safa. Suka dawo da su gida. Ɗan sanda ya sa, akawu ya sa, malamin makaranta ya ja tasa har gwiwa. Amma waɗannan duk na kanti ne. Saƙa ta da hannu ta bi wata ƙofa, ƙofar mata.

A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina, zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko, aka fara da 'ya'yan fada da na bayin sarki. Turawan ba su yi nufin fitar da alƙalai ko likitoci daga cikinsu ba. Matan aure suke son gyarawa, don haka aka cika jadawali da tsafta da renon yara da ɗinki da saƙa. Haka 'yan mishan suka yi a Wusasa da sauran tashoshinsu, har cikin ƙasar Maraɗi. A bakin tekun Gabon an riga mu da kusan shekara 90: 'yan mishan na Amurka sun kafa tasharsu a Baraka a 1842, matan zuhudu na Katolika daga garin Castres na Faransa suka iso a 1849, shekarar da aka zaunar da 'yantattun bayin da garin Libreville ya samo sunansa daga gare su. Su ma allura da zare da wanki da guga suka fi koya wa 'yan mata. Manufa ɗaya ce a ƙasashen biyu, ko da harshen ya bambanta. Muna iya jin haushin ƙarancin abin da aka ga ya dace da 'ya mace, kuma muna da gaskiya. Sai dai abin da matan suka yi da ɗan abin da aka ba su, ba malamar da ta tsara shi.

Ya fita daga aji ya shiga zaure, daga zaure ya shiga ɗaki. Wadda ta yi shekara biyu a makaranta aka cire ta aka yi mata aure, ta koya wa kishiyarta da ƙanwar mijinta. Yarinyar da ba ta da kuɗin tsinken kanti ta fere tsinken tsintsiya biyu, wata ta sami wayar keke ko ta tsohuwar lema aka goga mata bakin a dutse. Harshe ma ya nuna hanyar da abin ya biyo: ulu da kwarashi duk baƙin kalmomi ne da muka lanƙwasa, amma aikin kansa ba mu ara masa suna ba, muka kira shi saƙa, sunan da muke kiran aikin masaƙi da na mai tabarma da na mai faifai.

A ganinmu akwai dalilin da ya sa ta kama da wuri haka. Ta zo ne daidai lokacin da wata sana'ar ke mutuwa a hannun mata. Shekaru aru-aru, kaɗi shi ne aikin matar Bahaushe in ta gama girki: ta gurje auduga, ta shiɓe, ta dangwali alli, ta murza mazari, ta tara zare da abawa a kai kasuwa. Da shi take haɗa kayan ɗakin 'yarta. Baba ta Karo, a labarin rayuwarta da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ta nuna yadda kaɗi ya ratsa rayuwar mata a ƙasar Zazzau. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zaren inji ya biyo shi, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka bi bayanta. Mazari ya koma ƙarƙashin gado. Hannun da ya saba ba ya zama banza ana hira, shi ne ya ɗauki kwarashi. Aiki ne da ake yi a cikin kulle, ba ya son jari mai yawa, yarinya za ta iya kai shi talla, kuma in miji ya yi sallama ana iya ajiye shi a tashi. Sai ga tuma-ƙasa a kan kwanon amarya, ga hular sanyi, ga rigar jariri da wandonta. Lokacin da shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara ya zo a 1987, aka cika cibiyoyin mata da keken saƙa, ya tarar da sana'ar ta riga ta yi jikoki.

Wani abin dariya shi ne, ulun nan da muke faɗa yawancinsa bai taɓa ganin tunkiya ba. Zaren roba ne da ake samu daga sinadaran man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayarwa wajen 1950. Shi ya sa yake da araha, yake da launi mai ɗaukar ido, asu ba ya cin sa, kuma in ya kusanci wuta narkewa yake yi.

To ina matsayin safa a cikin wannan duka? Ita ce 'yar autar saƙa, kuma abincinta ragowa. Ba mai zuwa kasuwa ta sayi ƙullin ulu sabo don safar jariri kawai. Ana sayen ulu ne don riga ko shawul, na wadda ta ba da aiki. In an gama, kowane ƙulli ya bar ɗan abin da bai kai a mayar ba, bai kuma kai a yi wani abu da shi ba. Sai a nannaɗe shi kamar ƙwallon goriba a jefa cikin gwangwanin madara ko tsohuwar leda. Wata shida, shekara, gwangwani ya cika. Ran da aka ce wance ta sauka, sai a zazzage. A nan gwaninta take, domin ƙafa biyu ce, kuma dole abin da aka yi wa dama a yi wa hagu. Gwana takan raba kowane guntu biyu tun kafin ta fara, ta auna da kamu ɗaya ko biyu, don kada jan ya ƙare a ƙafa ɗaya. Takan ajiye zare mai ƙwari don dunduniya, ta sa mai laushi a baki inda zai taɓa fatar ƙwauri, ta tura kowane ƙulli waje ko ta ɓoye shi cikin saƙar don kada ya gurje yaro. Ƙarshe ta murɗa 'yar igiya ta zura a idon sawu, ta yi mata tuntu biyu. Wadda ba ta ƙware ba kuwa, ƙafa ɗaya takan fito ta fi 'yar'uwarta, a sha dariya, a sa wa yaron haka nan.

Ribar wannan safa ba a kasuwa take ba, shi ya sa ba ta shiga littafin kowa ba. Barth ya ƙirga kayan raƙuma, Turawan mulki sun ƙirga buhunan auduga da na gyaɗa, amma ba wanda ya ƙirga abin da ke cikin gwangwanin madara. Ita kaya ce ta biki, irin wadda ake bayarwa a kuma rama. Matar da ba ta da kuɗin turmin atamfa ko kwalin sabulu, da ita take shiga gidan barka ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Ta kawo abin da ba a sayarwa, kuma kowa a ɗakin ya san dare nawa ya ci.

A nan ne amsar tambayarmu ta farko take. Bahaushe ba da ma'aunin zafi yake auna sanyi ba. A wurinmu sanyi cuta ce mai shiga jiki ta kwanta, ta fito bayan shekaru, kuma ba wanda ta fi nema kamar mai jego da ɗanyen jariri. Don shi ake wankan jego da tafasasshen ruwa har kwana arba'in, don shi ake kunun kanwa, don shi ake toshe taga. Matar da ta bi mijinta daga Maraɗi ko Zinder zuwa Libreville ta bar hunturu a baya, amma ba ta bar wannan tsoron ba, ta ma tarar da damshi da ruwan da ba ya ɗaukewa, waɗanda a lissafinta sun fi hunturu sharri. Ta kuma tarar da maƙwabtanta 'yan ƙasa, jikokin ɗaliban matan zuhudu, su ma suna naɗe nasu jariran cikin hula da safar ulu. Hanyoyi biyu da suka rabu tun zamanin Turawa suka haɗu a layin awo na asibiti. Ma'aikatan jinya suna faɗa, kuma da gaskiyarsu, cewa jaririn da bai kai ba ko mara nauyi yana bukatar ɗumi ko a ƙasa mai zafi, amma lafiyayye in aka jibga masa ulu da tsakar rana, ƙuraje da wahala za a ja masa. Kakanni suna ji, suna gyaɗa kai, in an dawo gida a mayar da safar.

Ga wadda take nesa kuma, safar takan zama wasiƙa. Kakar da ba za ta iya biyan kuɗin jirgi ta je ganin jikanta ba, takan cusa ta cikin saƙon kuka da daddawa da kilishi, a ba wani mai komawa. Sau da yawa kafin ta isa, ƙafar ta fi ƙarfinta.

Yau kishiyar da William Lee ya haifar ta gama girma. Wani gari guda a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, Datang, ana ƙiyasta yana fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku na safar duniya. Dilar gwanjo kuma tana sauka a Kwatano da Lome, ta bi ta Maraɗi ta ɓulla Ƙofar Wambai. A Libreville sunanta mutuki, kuma a kasuwar Mont-Bouët ana zube ta tsibi-tsibi, har da rigunan sanyin da aka saƙa don ƙanƙarar Turai. Da kuɗin ƙullin ulu ɗaya za a sayi safa ƙafa da yawa, masu roba a baki, masu hoton zomo. Amaryar yanzu takan karɓi saƙar hannu ta yi godiya, ta sa a ƙasan akwati. 'Yan matan da ke koyon kwarashi ta waya sun fi karkata ga jaka da hula da rigar kwalliya, abin da za a ɗauka hoto a sayar, kuma ba laifinsu ba ne. Masu iya juya dunduniya ba tare da sun duba ba, yawancinsu yanzu sai da tabarau, wasu sun ajiye saboda ciwon gaɓoɓi, kuma ba a tambaye su a wurin wa suka koya ba, balle a rubuta.

Amma dilar gwanjon ba ta zo da hannu ɗaya ba. A cikin tsibin akan sami rigar sanyi mai kyan zare wadda asu ya huda ko wuyanta ya saki, ba mai saye sai a kuɗin banza. Tsofaffin hannu sun san ta. Sukan saye, su farke ɗinkin gefe, su nemo bakin zaren a wuya su ja, rigar ta yi ta warwarewa layi bayan layi ana naɗewa a gwiwa ko a ƙafar kujera. Zaren yakan fito a cukurkuɗe kamar gashin tunkiya, sai a jiƙa shi a ruwan ɗumi, a rataye da ɗan dutse a ƙasa ya miƙe. Riga ɗaya ta babban mutum takan ba da rigar jariri da hularta da wando, a kuma sami ɗan abin da za a jefa a gwangwani.